Mai Farar Hula a Bakin Ruwan Ikko

Malam Ɗantsoho ya riga ya zare reza daga takardarta lokacin da Hure ta shigo falo da mayafin takaba. Tun ranar da aka kai ƙaninsa Gidaɗo, mijinta, makwancinsa, yake cewa zanen da ke bangon nan ne ke hana mala'iku shiga gidan.

Zanen fenti ne na bakin ruwan Ikko, tun zamanin da Gidaɗo yake akawu a tashar jiragen ruwa, ita kuma tana koyarwa. Ga jirage suna tuƙa hayaƙi, ga 'yan dako da buhunan gyaɗa, ga mata masu tallan kifi. Shuɗin ruwan ya koɗe, amma in ta daɗe tana kallo, har nan unguwar Gobarau takan ji ƙarnin teku.

Ɗanta Rabe, wanda kwangilar siminti ta ɗaga bana, ya ce a jefar da tsohon abin kawai, zai kawo agogon bango mai ruwan zinare. Malam ya ce a'a, shi ya yi sassauci: zai bi mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya ya tsaga wuyansu. In an raba kai da jiki, an fita haramun.

Hure ta tambaye shi ko mala'ikun da suka shekara talatin suna sauraron karatun Gidaɗo a falon nan sai yanzu suka lura da bango. Ya ce mai takaba ba ta jayayya.

Sai ta taka kujera, ta sauko da zanen da kanta, ta goge shi da bakin mayafi. Ta ɗora yatsa kan wani ɗan mutum a gefen gada, da farar hula, laima a hammata, kafaɗa ɗaya a karkace.

Ta ce, "Ƙaninka ne, shi ya roƙi mai zanen ya sa shi. Ka san bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Bismillah, Yaya, fara da wanga."

Malam ya sunkuya. Ya san kafaɗar nan. Yana wurin ranar da jaki ya kayar da Gidaɗo a Ƙofar Kaura suna yara. Ya daɗe a sunkuye. Daga baya ya mai da rezar takardarta, ya ce hasken falon bai isa ba, sai wani lokaci.

"Gaskiyarka," in ji Hure. "Rabe, ɗauko ƙusa. Kafa zanen can, daidai taga."