Labulen Sa'ida da Hannun Dinatu

Tunda kowa a Greensboro ya faɗi nasa a kan labulen Sa'ida, har da waɗanda ba su taɓa zura zare a allura ba, ni ma bari in rubuta nawa. Ni ce Assibi, ni na yanka, ban musa ba. Amma a tsaya a ji yadda aka yi.

Shekarar casa'in da shida ce, shekarata ta biyu da barin Zariya. Wankan jego na zo yi wa 'yata Umma, aka ce wata uku, sai ga ni a kulle a bene hawa na biyu a bayan Wendover Avenue. In ka leƙa taga ba mutum ko ɗaya, sai motoci. Umma tana aiki a wani ƙaton kanti, mijinta yana jami'a. Ni kuwa daga keken ɗinki sai waya. Wayar nan ita ce kasuwata, ita ce gidan bikina. Kafin azahar na san wadda miyarta ta ƙone a Summerfield da wadda mijinta ya faɗi jarrabawar tuƙi sau uku. Rabin matan garin nan da murya kawai na san su.

Ran Litinin sai ga Sa'ida, matar Malam Muntari, da wata jaka tana ja da ƙyar. Sun bar gidan haya sun koma nasu a McLeansville, ran Asabar za a yi walimar tarewa. Ta zazzage jakar a tsakar falo. Labule ne falle huɗu, karammiski ja mai duhu, irin wanda in ka shafa sai hannunka ya ƙi tashi.

"Mama, daga Kano na zo da su tun aurena," in ji ta. "Don gidan can aka ɗinka, mai dogon bango. A nan sai jan ƙasa suke yi, suna rufe ramin hita da ke gindin taga. Ya ce ko a rage tsawon, ko a sayo na kanti."

"Na kanti? Wannan mai kama da tsumman tace koko?" Na ce. "Ɗauko mini mayafina, mu je in auna tagar."

Nan aka fara. Sa'ida tana da aji ƙarfe biyu. Malam Muntari yana bizi. Umma tana shif a kanti, ba ta da hutu har Laraba. Minti ashirin fa a mota! A Zariya da na ɗaura zanena na taka da ƙafata, in gaisa da gida bakwai a hanya. A nan tsohuwa sai a ajiye ta kamar tukunya, sai mai mota ya ga dama.

"Kada ki damu, Mama," in ji Sa'ida. "Anti Dinatu maƙwabciyarmu tana da makulli. Aikin yamma take yi a asibiti, da safe tana gida. Ta auna ta faɗa miki a waya."

Dinatu na san ta, wato na san muryarta. 'Yar Pankshin ce, nas, mun sha hira a kan ciwon gwiwata. Muryarta siririya ce, mai sanyi. A raina na riga na zana ta: 'yar ƙaramar mace kamar ni.

Washegari ta kira. "Mama Assibi, ina kwana? Ga ni a gaban tagar da tef ɗina. Inci tamanin da..."

"Ajiye incin nan, Dinatu. Shekara arba'in ina ɗinki ban taɓa yanka wa mutum kaya da inci ba. Ki auna mini da kamu."

"Kamu kuma, Mama?"

"Daga gwiwar hannu zuwa kan doguwar yatsa. Uwarki ba ta koya miki ba? Ki fara daga ƙarfen labule ki sauko."

Na ji tana dariya, na ji tana ƙirgawa. "Huɗu, da taƙi ɗaya."

"Ki sake."

"Huɗu da taƙi ɗaya, Mama. Amma da kin bari na faɗa miki incin ma..."

"Allah ya yi miki albarka," na ce, na ajiye waya.

Na shimfiɗa labulen a ƙasa, na auna kamu huɗu da taƙi da hannuna, na ƙara yatsu huɗu na kalmasa, na ja layi da alli. Sau biyu na auna, Allah ne shaidata. Na yi bisimilla na sa almakashi.

Sai da na ɗaga guntun farko na lura da bakinsa na ƙasa. Ba aikin keke ba ne. Kalmasar hannu ce, ɗinki ƙanana a jere kamar ƙwayar gero, babu wanda ya fi wani. Na daɗe ina kallo. Ni kaina ban iya irinsa ba, kuma ba kowa nake faɗa wa haka ba. To guntu dai na tela ne, haka aka gada ko'ina. Na naɗe guda huɗun na tura ƙarƙashin gadona. Rigunan matashi na yi niyyar yi wa ɗakina da su.

Ran Alhamis da la'asar, abin mamaki, sai ga mota ta samu. Da aiki ya ƙare kowa yana da lokaci. Umma ta kai ni. Gida ne mai kyau, ba laifi, a tsakiyar fili, ga gonar wani Bature a baya. Mata sun taru ana jere, wasu na goge kwanuka, wasu na shimfiɗa kafet. Hajiya Mubaraka tana zaune a kujerar da ta fi kowace laushi tana nuna wa mutane aiki da baki. Hajiya Mubaraka ita ce wadda ta riga kowa zuwa garin nan, tun tamanin da huɗu, kuma ba ta bari a manta.

Malam Muntari ya hau kujera ya rataya fallen farko. Ya sauko.

Labulen ya tsaya can sama, ko gindin tagar bai gama rufewa ba. Tsakaninsa da ƙasa akuya za ta wuce ba ta sunkuya ba.

"Ikon Allah," in ji Hajiya Mubaraka. "Wandon bara aka sa wa tagar?"

Wata ta fashe da dariya ta toshe baki da gyale.

"Awon da aka ba ni ke nan," na ce. "Huɗu da taƙi. A kira mini Dinatu!"

Aka kira ta, ranar ba ta da aiki. Jama'a, sai da matar nan ta sunkuyar da kai kafin ta shigo ƙofar kicin. Na ɗaga ido, na ƙara ɗagawa, ban kai ƙarshenta ba. Ta durƙusa ta gaishe ni da siririyar muryar nan, a durƙushen ma ta kusa kai ni tsawo.

"Ke ce Dinatu?"

"Ni ce, Mama."

"Miƙo hannunki."

Muka jera gwiwa da gwiwa. Yatsuna a wuyan hannunta suka tsaya.

"To me ya hana ki faɗa mini ke doguwa ce?"

"Mama, ba ki tambaya ba. Na so in ba ki inci..."

"Wata shida muna waya! Na faɗa miki ciwon gwiwata, na faɗa miki sirrin mutane, ke ba ki taɓa cewa Mama ni fa rabin bishiyar giginya ce ba?"

"Mama, don Allah," in ji Umma a kunnena, "ki yi shiru."

Ban yi ba. Na juya kan Malam Muntari. Na ce da ya ba da minti ashirin ran Litinin da hannuna ne zai auna, hannuna ya yanka, ko gashi ɗaya ba zai kuskure ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "Sori, Mama, ba komai, gobe sai in biya Wendover in sayo wasu." Ka ji fa. Ba komai.

Sai a lokacin na lura da Sa'ida. Tana tsaye ta riƙe bakin labulen, tana murza kalmasar da na yi da keke.

"Mama," ta ce a hankali, "yankewa kika yi?"

"To da me zan yi, 'yar nan?"

"Na ɗauka naɗewa za ki yi ta ciki. Bakin ƙasan, Innata ce ta kalmashe da hannunta. Sati biyu tana yi kafin a kawo ni, idonta ma ya fara rauni."

Kowa a ɗakin ya san uwar Sa'ida ta rasu bara, kuma ba ta samu zuwa ba, ko sadakar arba'in. Ni na fi kowa sani, don ni na yaɗa labarin a waya. Amma maganar kalmasa, wa ya faɗa mini? Yarinya ta kawo maka abu irin wannan a jaka, ta ce a rage tsawo, ta tafi aji!

"Ina guntayen?" in ji Hajiya Mubaraka, tana kallona ta saman tabarau. "Ko an yi irin ta teloli?"

Bakina ya riga ni. "Shara ta kwashe tun jiya."

Na faɗa ne don kada matar nan ta samu abin kaiwa waya. Sa'ida ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta saki labulen, ta ce, "Ba komai, Mama, sannu da aiki," ta juya ta ci gaba da jera kofuna. Kofi ɗaya ta riƙe tana gogewa, tana gogewa, alhali a goge yake.

Na dubi Hajiya Mubaraka. Na san in na buɗe baki, kafin magariba labari ya kai Summerfield cewa Assibi ta ɓoye karammiskin marainiya a ƙarƙashin gado. Na san kalmomin da za ta yi amfani da su, don da ni ce da su zan yi.

"Suna nan," na ce.

"Me?" in ji Umma.

"Na ce suna nan! Kurma ce ke? Huɗu cif, a ƙarƙashin gadona, ko zare ɗaya ban taɓa ba. Hajiya, ga waya can a bango, ki je ki fara."

Sa'ida ta ajiye kofin.

Ran Juma'a da sassafe Malam Muntari da kansa ya zo ya ɗauke ni, ni da kekena da guntayen. Aji ya ɓace, bizi ya ɓace. Na warware kalmasata, na auna giɓin da hannuna a jikin tagar, na rage guntayen ta sama, na bar bakin marigayiya yadda yake. Karammiski yana da kwanciyar gashi, in ka juya shi launi ya bambanta, sai da na bi kowane da tafin hannu kafin in haɗa. Dinatu ta zo ta riƙe mini. Ita dai ba ta buƙatar kujera, a tsaye take ratayawa. Ashe tsawon yana da rana.

Tsawo ya yi daidai, yatsa biyu tsakaninsa da ƙasa, ramin hita a buɗe. Amma wurin haɗin ya fito ɓaro-ɓaro, layi daga wannan gefe zuwa wancan kamar tabon aikin asibiti.

"A bar shi haka, Mama," in ji Sa'ida. "Ni ya ishe ni."

"Ke ya ishe ki. Gobe mutum hamsin za su zauna a nan su ce aikin Assibi ne."

Gyalena na leshi mai ruwan zinare yana cikin jakata, wanda na zo da shi don a goge mini in yafa ran walima. Sau biyu kacal na taɓa yafa shi. Na fito da shi na shimfiɗa. Dinatu ta ce, "Haba Mama!" Na ce ta rufe mini baki ta riƙe wancan gefen, tunda hannunta ne ya ja mana. Na tsaga shi gida-gida, na bi haɗin da shi, ratsin zinare a kan ja, falle huɗu.

Ran Asabar da tsohon mayafi na je walima. Hajiya Mubaraka ta riga ta yi aikinta, duk wadda ta gaishe ni sai ta tambayi lafiyar ƙarƙashin gadona. Na amsa musu ɗaya bayan ɗaya, kuma na riƙe sunayensu. Wata har ta ce ratsin ya yi kyau, ko zan yi mata irinsa. Na ce ta kawo gyalenta.

Da aka watse ana kwashe kwanuka, na koma falo ɗauko jakata. Na tarar da Sa'ida a zaune a kan kafet a gindin taga, ta ɗora bakin labulen a cinyarta tana bin ɗinkin da yatsa. Ba ta gan ni ba. Na ɗauki jakata na fita ta kicin.

Tun daga ranar na kafa doka. Duk mai son in sa almakashi a kayansa, ya zo da mota ya kai ni in ga wurin da idona. Dinatu ta saya mini tef mai ruwan ɗorawa, ta naɗo shi a takarda mai kyau. Yana nan, da shi nake ɗaure bakin buhun shinkafa. Gyalena kuwa har yau ba wanda ya tambaye ni ko ina kewarsa.