Tukunyar Mis Opal a Zamanin Ibrahim

"Delmer Puckett, tukunyata nake tambayarka. Ina take?"

Mis Opal ce tsaye a bakin ramin, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da ludayi. Mijinta yana zaune a kujerar da muka jawo masa ƙarƙashin bishiya, robar iskar numfashi a hancinsa, ko ɗaga ido bai yi ba.

"Tana zamanin Ibrahim," ya ce.

"Zamanin wa?"

"Ibrahim. Can ƙasa. Yaran nan kuwa yanzu suka shiga zamanin Romawa. Ki ɗan yi haƙuri, shekara dubu biyu ce kawai ta rage."

Yaran nawa ne, Tirzah da ƙaninta Boaz. A gida nake koyar da su, kamar rabin iyayen cocinmu a nan ƙauyenmu na Tennessee. Mun zo darasin yadda tonon kayan tarihi yake haɗuwa da Littafi Mai Tsarki, littafin karatunmu ya ce a binne 'yan tarkace a bahon yashi yara su tone. Bakina da ba ya shiru ya kai labarin ga maƙwabcinmu Mista Delmer ta kan shinge. Ya ce bahon yashi cin mutuncin ilimi ne. Shi dai tsohon direban motar makaranta ne, amma da ƙuruciya ya taɓa yin bazara guda a Urdun yana ɗauko wa masu tono kwandunan ƙasa, kuma babu biki ko jana'izar da bai ba mu wannan labarin ba.

Da Mis Opal ta tafi gaida ƙanwarta, sai ya sa aka haƙa masa rami a bayan gida, ya cika shi hawa-hawa, kowane hawa da zamaninsa. A can ƙarshe ya ajiye tukunyar tangaran shuɗiya mai murfi da Mis Opal ta gada a wurin mahaifiyarta. A nan in aka yi rasuwa kowace mace tana kai abinci gidan makoki, kuma kowa ya san tukunyar kowa. Ranar nan an yi rasuwa a coci, dole Mis Opal ta kai kaza da shinkafarta a kwanon aro. Ta ce wannan kunyar ba za ta taɓa yafe masa ba.

Dokokinsa kuwa sun fi na Musa tsauri. Babu shebur. Cokalin magina, burushin fenti da rariya, shi ke nan. Abin da ka samu ba ka ja shi, sai ka share gefensa, ka zana shi a inda yake. Ni da nake da wanki da girki da darasin lissafi, kallon yaro yana shafa ƙasa da burushi kamar mai yi wa jariri wanka yana tsaya min a rai.

Boaz takobin Goliyat yake nema. Kowace safiya sai ya tambaya, kowace safiya sai ya tashi da tsingaron tukunyar fure. Ni ma ba zan ɓoye ba, hujja nake so, abin da zan ɗaga in ce wa yara ga shi, Littafi ya faɗa, ƙasa ta tabbatar.

"Rhonda," Mista Delmer ya ce min, "ƙasa ba fasto ba ce, ba ta wa'azi. Littafi ya gaya miki abin da mutane suka ce wa Allah da abin da ya ce musu. Ƙasa kuwa abin da suka ci da abin da suka fasa za ta nuna miki. Wani lokaci su haɗu, wani lokaci ta yi miki shiru."

"To in ta yi shiru fa?"

"Sai ki ce ban sani ba. Ba ya kisa. Ni dai ban taɓa jin Opal ta gwada ba."

"Ina jinka!" in ji Mis Opal daga tagar kicin.

Ana tsakiyar zafi ta kira ni kicin ɗin nan, ta zuba min shayi mai ƙanƙara, ta juya min baya tana goge teburin da ba shi da datti.

"Likita ya ce ba zai kai lokacin zubar ganye na bana ba," ta ce. "Huhun ya gama. Shi kuma tsohon banzan nan ba abin da yake so illa ya ga fuskar Tirzah ranar da ta kai ƙasan ramin. Da wannan tafiyar hawainiyar, sai dai su kai masa labari kabari."

Shekara da shekaru mutumin nan yana gyara min famfo yana cika min kunne, ban taɓa kawo wa raina wata rana zan leƙa shinge in ga kujerar ba kowa ba. Hawaye suka zo min, ta harare ni, na mayar da su.

"Kina da shebur?" ta ce.

Bayan abincin rana Mista Delmer yakan yi barci. Na tura yaran gida da aikin rubutu, mu biyu muka shiga ramin kamar ɓarayin kaji. Ƙarƙashin Romawa muka tarar da toka baƙa ƙirin, mai kauri, da gawayi. Mis Opal ta ce ashe nan tokar murhunta na gashin nama ta tafi. Muka kwashe ta tas a baro, ta ce zubarwa asara ce, muka juye ta a gindin tumatirinta. Muka shafe wurin da tsintsiya, muna yaba wa kanmu.

Washegari Tirzah ta tsuguna, ta yi shara kaɗan, ta ɗago da fuska a yamutse.

"Mista Delmer, ga ƙasusuwa. Na wannan gefen daban, na wancan daban."

"Na dama na tunkiya ne, garin Isra'ilawa ke nan. Na hagu haƙarƙarin alade ne, Filistiyawa. A wurare da dama haka masu tono suke gane wa ya zauna a ina."

"Haƙarƙarin da likita ya hana ka?" in ji Mis Opal. "Wa ya cinye naman?"

"Saboda ilimi na ci." Sai ya tsaya. "Dakata. Jiya kuna Romawa. Ya aka yi yau kuke zamanin Dawuda? Ina ƙonewar Urushalima? Ina Babila?"

Ya dubi ramin, ya dubi baro, ya juya a hankali ya dubi tumatir, kowanne da baƙin zobe a gindinsa.

"Opal. Kin zuba wa tumatir Urushalima?"

"Taki ne."

"Nebukadnezzar da rundunarsa sai da suka yi wata da watanni a bakin garin nan. Ke da Rhonda kun gama da shi kafin in juya kwanciya!"

Dariya ta kama shi, ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har sai da Mis Opal ta riƙe masa kai a ƙirjinta. Da numfashi ya dawo ya ce wa Tirzah ba komai, a wurin tono na gaske ma ɓarayi suna riga masana, sai a rubuta cewa an yi sata a nan. Yarinyar ta zana ɓarayi biyu, ɗaya da tabarau irin nawa, ɗaya da ludayi.

Ya kama hannun matarsa. "Na san abin da likita ya gaya miki. Ni ya fara gaya wa."

"Ba don kai na yi ba. Don tukunyata na yi."

"Na sani." Ya juyo gare mu. "To, ga hukunci. Shebur dai babu. Amma daga yau ana tono safe da yamma, ɓarayi biyu kuma su riƙe rariya."

Haka lissafi ya tafi hutu a gidana. Ni da Mis Opal muka zama masu tankaɗe, ƙura har cikin haƙora. Kafin mu gama da Dawuda ya daina iya fitowa, aka matsar da gadonsa jikin tagar da ke kallon ramin. Boaz ya zama ɗan aike, yana gudu yana ihu: "Tubala, Mista Delmer! A zube!" Daga ciki murya ta fito da ƙyar, wai Yariko ce. Boaz ya ɗauko sarewarsa ya ce zai zagaya ramin yana busa, kamar yadda Isra'ilawa suka yi har ganuwar garin ta rushe a Littafi. Mista Delmer ya ce ya tausaya wa unguwa, ganuwar ta riga ta faɗi.

Kowace safiya sai na fara duba labulen tagar nan kafin in ɗora ruwan kofi. Ina tsoro, kuma ina jin haushin burushin nan kamar in karya shi.

Wata yamma Tirzah ta daina shara. Ta ƙwanƙwasa wani abu da ɗan yatsa, ya amsa da ƙarar tangaran. Ta fito daga ramin a guje, ƙasa har gira, ta manna fuska a ragar tagar.

"Mista Delmer! Na kai!"

"Matso in gan ki. Me kika samu?"

"Tsumma ne, duk laka. Da abu mai tauri a ciki. Ban ja ba."

"Yawwa. To me ƙasa ta gaya miki?"

Ta yi tunani, tana haki. "Wanda ya binne shi bai so ya fashe ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya kai a kan matashi. "Opal, kin ji?"

"Na ji. Buɗe baki ka sha maganinka."

Da safe, kafin ta kawo masa kofi, ya cika.

Kwana biyun da suka biyo baya Mis Opal ba ta yi kuka ba, faɗa ta yi ta yi. Ta birkice gidan tana neman kwat ɗinsa ruwan ƙasa na zuwa coci, ta buɗe kowane kabad, ta leƙa har bayan mota. "Mutum har ya mutu bai san inda ya ajiye kayansa ba," take cewa. Ƙarshe a kwat ɗin ƙaninsa aka binne shi, hannun ya yi masa gajere.

Da muka dawo daga maƙabarta gidan ya cika da mata da tukwanensu, teburi ba wurin ajiye cokali. Na nemi Mis Opal a cikin mutane ban gan ta ba. A bayan gida na same ta, ta sauka cikin ramin da baƙar rigarta da takalmin coci, burushin Tirzah a hannunta. Yaran suna tsugune a baki.

Ta yi ta shara a hankali. Maɓalli ya fito. Wani ya biyo shi. Sai hannun riga biyu, an ɗaure su tamau a kan murfin, shuɗin tangaran yana leƙowa ta wuya.

"Delmer Puckett," ta ce. "Kwat ɗin coci. Mara kunya kawai."

Boaz ya miƙa hannu zai taimaka mata ta fito, ba ta ma gan shi ba. Daga cikin gida ana jin ƙarar faranti da muryar fasto. Ta ajiye burushin, ta zauna dirshan a ƙasan ramin, ta miƙar da kwalar da ta lanƙwashe, tana kaɗe mata ƙasa da bayan hannu, yadda take yi masa kowace Lahadi a ƙofar coci.