Masu Jego a Gawon Lantana

Gonar da Chindo ya mutu ya bar wa matarsa Lantana a bayan Gidan Sori ta gaji, jigawa ce fara fat. Abin da ke riƙe da ita gawo ne guda. Duk bazara Yusufu Bafillace kan hau ya sassaro wa shanunsa rassa, su kuma shanun su kwana a gonar su bar taki. Haka suka saba da marigayi. In babu takin nan, rumbun Lantana ba ya kai rani.

To, bana sai zalɓe suka sauka a gawon. Tun da aka sare tsamiyar bakin tabki suke gararamba, ashe nan suka sa wa ido. Sheƙa bisa sheƙa, kamar an watsa tsofaffin kwanduna a sama. Ga kuka, ga ƙarnin kifi.

"Kun rasa wurin tarewa sai gonar gwauruwa," in ji ta, ta ɗauko gora za ta zungure su. Tana ɗaga kai sai ga ɗan zalɓe ya leƙo, mummuna na ƙarshe, baki buɗe. Uwar ta sauko ta amayo masa kwaɗo. Lantana, wadda ta yi renon 'ya'yanta ita kaɗai, ta kasa zungurar su. Ta yar da gorar tana zagin kanta.

Ran da Yusufu ya iso da garke, adda a kafaɗa, ta tare shi.

"Malam Yusufu, bana ba sara. Akwai masu jego a sama."

Ya dubi gawon, ya dubi shanunsa, haƙarƙari duk a waje. "Inna, to me za su ci?"

Ya kaɗa su ya yi gonar maƙwabcinta Ridwanu mai gawo da yawa. Lantana ta koma gida ta yi kuka, wallahi kuka na gaske, don ta san abin da ta jawo wa rumbunta.

Amma fa mace ce mai taurin kai. Kullum da safe sai ta je ta tsince 'ya'yan gawon da tsuntsayen ke kakkaɓowa wajen tashi da sauka. Kallabinta ya sha kashin zalɓe har ta daina wankewa. Da buhu ya cika ta ɗora a amalanke aka kai wa Yusufu ruga, ko saƙo ba ta haɗa ba.

Ana gab da shuka ta iso da sassafe, ta tarar da shanu kwance, gonar ta yi baƙi da taki. Yusufu na zaune daga gefe, ba adda.

"Inna, tun da suka ci buhun nan nono ya dawo," ya ce. "Baɗi ma in baƙinki sun zo, kada a taɓa su."

A sama 'yan zalɓen na gwada fiffike. Lantana ta zauna a ƙasa tana dariya, tana goge ido da bakin zane.