Ranar da Yaya Lionel Ya Durƙusa

Yayana Lionel ya haura saba'in, amma in dai maganar mace ce, ɗan shekara goma sha biyar ya fi shi baki. Ya daɗe yana son Glenys, wadda muke zuwa kallon tsuntsaye tare duk Asabar a madatsar ruwan garinmu. Mijinta ya rasu, shi ma matarsa ta rasu, kuma kowa a ƙungiyarmu ya san abin da ke ransa. Har agwagin ruwan nan sun sani. Glenys ce kaɗai ba ta da labari.

A watan Yuni, lokacin hunturu a nan wurinmu, sanyi na cin ƙashi, ta gaya mana ɗanta ya matsa mata ta koma wurinsa can birnin Perth mai nisa, ƙarshen Satumba za ta tattara. Yaya ya riƙe kofin shayinsa har ya huce bai kurɓa ba. Wallahi ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi.

A mota na ce masa, "To, Yaya, sai ka buɗe baki. Ko ni zan je in nemo maka ita?"

"Ke dai Noelene ki tuƙa mota."

"Ina tuƙawa. Kai kuma ka yi ta nuƙu-nuƙu har jirgi ya tashi da ita."

Gaskiya wurin ma bai taimake shi ba. Bukkar katako ce a bakin ruwa muke laɓewa a ciki, kuma ba a magana. Wanda ya hango tsuntsu sai ya taɓa gwiwar hannun na kusa da shi, ya nuna da haɓa. To Yaya sai ya tattara ƙarfin hali ya taɓa hannun Glenys, ita kuwa caraf ta ɗaga madubin hangen nesa tana raɗa, "Ina? Ina yake?" Sai gogan naka ya daburce, ya nuna mata abin da ya fi kusa.

"Kwasakwasa ce fa, Lionel."

"Eh, amma dubi tsayuwarta."

Haka sanyin nan ya ƙare yana nuna mata kwasakwasa. Har ta taɓa jan hannuna gefe ta ce ko a kai shi a duba masa ido.

Saura hanyar da ta taso daga inda muke ajiye motoci zuwa bukka, nan ne kawai ake hira. Amma kafin ya yanke shawara Satumba ya kama, tsuntsayen da ake kira magfai sun yi sheƙa a bishiyar turaren da ke kan hanyar. Namijin nan mai baƙi da fari bai damu da kowa ba sai Yaya, don ya taɓa leƙa masa sheƙa, kuma tsuntsun ba ya mance fuska. Da ya hango shi sai ya sauko fuu ta ƙeya. Dole Yaya ya koma kifa robar askirim a ka, da idanu biyu da na zana masa a bayanta, don tsuntsun ya ɗauka ana kallonsa.

Asabar ta ƙarshe, tun a gida na ce masa, "Yau ko ka faɗa, ko in faɗa a gaban kowa." Ya san ni, zan aikata.

Mun kusa bukka, daidai inda ciyawar ruwa ta fara, sai Yaya ya sha gaban Glenys, roba a ka, ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Ai kuwa mutanenmu na ganin haka kowa ya zube ƙasa, madubi a ido. A wurinmu in mutum ya durƙusa, ya ga wani abu ne. Glenys ma ta tsugunna, ta ba shi baya, tana bin inda fuskarsa ta dosa. Ni kaɗai na rage a tsaye, hannu a ƙugu.

Sai na ji ta ja numfashi. Can cikin ciyawa, ga wata agwagwa mai ɗigo-ɗigo tana gyangyaɗi, irin wadda kan yi shekaru ba ta leƙo yankinmu ba. Glenys ta tsufa tana nemanta.

"Lionel," ta raɗa, "ka samo min ita. Yanzu ko gobe na tafi, ba ni da kaico."

Na ga fuskar Yaya a ƙarƙashin robar. In ya yi shiru, ta sami tsuntsuwarta ta tafi da murna. In ya yi magana, agwagwa ta tashi. Mutumin da ko tari yake haɗiyewa a bakin ruwan nan ya buɗe murya har tana amsawa a ƙetare.

"Glenys, ban ga komai ba! Ke nake so! Kar ki tafi, ki aure ni!"

Ruwa ya hargitse. Agwagi, balbelu, har kwasakwasar tasa, duk suka tashi, mai ɗigo-ɗigon na tsakiyarsu. Wani daga baya ya ce, "Haba Lionel, ko hoto ban ɗauka ba!"

Glenys ta bi ta da madubi har ta ɓace, sannan ta juyo a hankali.

"Ka kore ta."

"Na kore ta."

"Ka san sai ta yi shekara goma ba ta dawo ba?"

Yaya ya sunkuyar da kai, roba ta zame ta faɗi. Ta miƙa masa hannu.

"To tashe ni, gwiwata ta riƙe. Tunda kai ka kore ta, tare za mu zauna mu jira ta."