Hoton Habsu a Bakin Tukunyar Kalwa

"To wa ya ce da mutumin nan ya shafa wa jirginsa fenti, in ba ke ba?"

Rashida ce ke tambaya, tana tsaye a tsakar gida da kyamara rataye a wuya, ko takalmi ba ta cire ba. Inna Dije kuwa ta duƙufa tsintar shinkafa a faifai, sai ka ce tsakuwar ciki ce za ta amsa mata. Ta ce ita ba ta sa kowa fenti ba. Gaisuwa kawai ta kira ta yi, kuma in mutum ya kira gaisuwa ai dole ya faɗi abin da gida ke ciki.

Rashida jikarta ce, ɗiyar Sahura da ke aure a Kaduna. Rabonta da Anka tun ba ta iya ɗaurin kallabi ba. Bana ta samu hutu a wurin aiki, ta zo da kyamara mai dogon hanci, wai tana neman wurare masu kyau da masu ban mamaki ta ɗauka a ƙasar kakanninta. Ranar da ta sauka, Inna ta yi murna har kajin maƙwabta sai da suka ji labari.

Matsalar ita ce, abin da Rashida ke kira kyau, Inna tonon asiri take ce masa. Akwai wani baduku a nan Anka da ke aiki cikin kogon wata tsohuwar kuka, tsofaffin takalma rataye a jikin itacen kamar 'ya'yanta. Inna ta aika masa cewa baƙuwa na tafe. Da suka je sun tarar ya kwashe takalman kaf, ya rataya labule a bakin kogon, ya jera kujerun roba. Yau kuma Gummi suka je, bakin gulbi, don tsohon jirgin Malam Uba, wanda aka yi wa faci da gwangwani har ba a gane asalin katakon. Suka iske jirgi shuɗi shar, fentin ko bushewa bai yi ba, Malam Uba na tsaye cikin babbar rigarsa ta salla yana ƙamshin turare, ya ce ba zai taɓa ruwa ba kar ta ɓaci.

"Ke ƙawata, mutane na da mutunci," in ji Inna. "Ba a faɗa wa mutum gida a ɗauke shi cikin tsumma, a kai birni a yi ta nuni da shi. Mi za su ce? Su ce dangin Sahura ko fenti ba su da shi?"

Rashida ta ce ba wanda zai yi dariya, fenti ya cika Kaduna, irin jirgin nan ne babu. Ta ce tunda haka ne gobe da safe za ta bi motar Gusau, ta ƙarasa hutunta a gida. Ta shige ɗaki, Inna na jiyo ƙarar zip ɗin akwati.

Nan fa shinkafa ta fita ran tsohuwa. Ita da ta saba cin tuwo ita kaɗai, tana ba rediyo amsa, yanzu ta samu mai yi mata gardama da baki, a ce za ta tafi saboda jirgin Uba? Kuma ta san halin 'yan birni, in suka tafi da fushi, sai dai a ji muryarsu a waya ranar salla. Ta ajiye faifai, ta je bakin ƙofa ta yi gyaran murya. Ta ce akwai wuri guda da ta ɓoye, gidan yayarta Habsu a wani ƙauye gaba da Bukkuyum, hanyar Gwashi. Rumbunan ƙasa ne jere, kowanne da hularsa ta ciyawa a karkace, zabi na kwana a kai. Ta yi alkawari ba za ta sanar da kowa ba. Rashida hannu kawai ta miƙa. Inna ta kwance wayarta daga bakin zane ta ba ta, kamar mai ba da ɗiya aure.

Wanda bai san Inna Dije ba ba zai gane girman wannan sadaukarwa ba. Da yamma maƙwabciyarta Ummukulsum ta leƙo ta kan katanga tana tambayar ina aka nufa gobe. Labari ya taso wa Inna har maƙogwaro. Sai ta dafe kunci ta nuna haƙori ne ke ciwo, alhali haƙoran wannan gefen sun daɗe da yin sallama da ita.

Suka fita da hantsi, bayan an tambayi direbobi lafiyar hanya kamar yadda kowa ya saba yanzu. Mota ta sauke su Bukkuyum, babura suka ƙarasa da su, Inna na salati a kowane rami. Tun daga nesa warin kalwa ya tare su. Inna ta san abin da wannan wari ke nufi. Yau Habsu na dahuwar daddawa.

Rashida ta leƙa ta saman darni, ta tsaya cak. Ga rumbunan nan kamar yadda aka faɗa, hayaƙi na ratsa tsakaninsu, rana na ratsa hayaƙin. A gabansu ga Habsu, tsohuwar da ba ta zuwa ko barka sai da sarƙa da awarwaro, tana tsaye da ɗaurin ƙirji na wani zanen da ya manta launinsa, ta kifa malfar marigayi mijinta a ka, ƙafa cikin takalman roba na noma, tana juya ƙatuwar tukunya da muciya. Inna ta buɗe baki za ta yi sallama. Kafin ta kai ƙarshenta, kyamara ta yi ƙyas.

Habsu ta waiwayo. Ta dubi kyamara, ta dubi jikinta, sannan ta dubi ƙanwarta. Muciya na hannunta, shi ya sa Inna ta ɗan koma bayan Rashida.

An dai shiga ɗaki, an kawo ruwa da fura, don fushi bai hana Habsu karɓar baƙo. Amma faɗa ta yi shi tun daga kan tabarma har dambun da ta ce da an sanar da ita da ta yi. Ta ce tun suna yara Dije ba ta taɓa riƙe magana ta kwana ba, ko akuya ta haihu sai ta kira ta faɗa, sai yau da za a zo a ɗauke ta cikin malfar mamaci ne bakin ya ɗinke. Rashida ta durƙusa tana ba da haƙuri, ta ce laifinta ne, ita ta karɓe wayar. Ta matso da kyamarar ta nuna mata.

Habsu ta daɗe tana kallo, ta kai kusa da ido, ta janye.

"Rumbunan sun fito," ta ce. "Wagga tsohuwa dai ban san ta ba."

Rashida ta tambaya a hankali ko ta goge. Habsu ta ce wa ya ce a goge? Amma ba mahaluƙin da zai gan shi, ko Sahura, sai an ɗauki na gaskiya an ajiye kusa da shi, don duniya ta san mai malfar nan tana da kayan sawa. Kuma na gaskiya ba yau ba. Akwai atamfarta wurin tela a Bukkuyum, sai ranar kasuwa za a karɓo.

Rashida ta ce ai gobe take shirin komawa. Nan Inna Dije ta tsoma baki cikin murya ta mai neman sulhu. Ta ce gaskiyar Yaya ce. Kuma ai ba a sa sabuwar atamfa da farar ƙafa, sai an yi lalle, lallen ma na kirki sai an maimaita yake kamawa. Ga kitso. Ga warin kalwa, wanda sai ya bar jiki tukuna, don mutum ba ya sakin fuska yana jin kansa yana wari. Ita dai a ganinta abin nan zai kai bayan Juma'a, in ma bai gota ba.

Rashida ta dubi kakarta, ta dubi hoton da ke hannunta, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce to, za ta kira wurin aiki ta ji ko za a ƙara mata kwanaki, amma da sharaɗi, kada a taɓa hulunan rumbunan nan. Habsu ta ce wannan kuma sai ta yi shawara.

Inna ta sunkuyar da kai cikin kwanon fura don kada a ga bakinta. Sai dai Habsu ta riga ta gani, ita da ta goya ta.

"Dije, kin san sarai ran nan nike dahuwa."

"Ni? Ina ni ina sanin ranakunki, Yaya? Ko waya ba ni da ita."

Habsu ta miƙe, ta gyara ɗaurin ƙirji, ta ɗauki malfarta ta kifa. Ta ce kalwarta na ƙonewa, ba ta da lokacin munafukai, kuma kada wanda ya kuskura ya tafi bai ci abinci ba. Ta fice, ta maka ƙofar langa-langa da ƙarfi har zabin kan rumbu suka watse.