Bahon Baba Mai Lambu

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu saurara.

"Ina bahon?" Abin da Baba Mai Lambu ya fara tambaya ke nan da ya farfaɗo, numfashinsa na fita da ƙyar.

Mai Ɗinki, maƙwabciyarsa da ta shigo duba shi, ta leƙa ƙarƙashin gado. Wayam! Duk layin nan babu wanda bai san bahon ba. Tun da ƙarfi ya ƙare wa tsohon ya bar aikin lambu, ya cika shi da ƙasa mai danshi yana kiwon wasu 'yan macizai makafi, sirara kamar tana, masu sheƙi. Ba sa sara, ba sa son haske. Kullum ya yayyafa musu ruwa, ya tono musu ƙwan tururuwa a gindin katanga. Ita kuwa Mai Ɗinki, ko guntun igiya ta gani a ƙasa sai ta daka tsalle.

"Ni na fitar da shi," in ji Auta, 'yar tsohon, wadda ta iso daga gidan mijinta da sassafe. "Na kai shi tsakar gida ya sha rana. Danshin nan ne ke ƙara masa tari, Yaya. Ai ƙasa ce kawai."

"Ƙasa ce kawai?" in ji Baba. "Ke 'yar nan, ba kya tambaya?"

Ga rana ta take tsaka. A ƙofar gida direban da Auta ta kira don kai shi asibiti sai danna hon yake yi. Baba kuwa ya damƙe ƙarfen gado.

"Ba inda za ni," ya ce, "sai na ji suna da rai."

Mai Ɗinki ta fita ko takalmi babu. Bahon ya yi zafi rau, ƙasar sama ta tsattsage, ga ɗaya kwance a kai ya bushe kamar zaren da wuta ta lasa. Ta jawo bahon har bakin ƙofar ɗakin. Auta ta sheƙo da bokitin ruwa tana kuka, za ta juye.

"Kar ki zuba!" muryar tsohon ta fito daga ciki, tari na sarƙe ta. "Za su nutse. Yayyafi... da yatsu."

Suka yayyafa. Shiru, babu abin da ya motsa.

"Baba, don Allah mu tafi," in ji Auta. "Idan mun dawo sai a duba."

"Wa ya ce miki zan dawo?"

To, jikokina, Mai Ɗinki ta dubi ƙasar nan, ta dubi hannunta. Ta runtse ido ta cusa yatsu. Sama zafi, tsakiya ɗumi, sai can ƙasa ta ji ɗan sanyi. Wani abu sumul ya goge ta. Saura ƙiris ta kurma ihu, amma ta cije leɓe ta damƙo shi da ƙasarsa, ta shiga ɗaki, ta ɗora wa tsohon a tafin hannu.

Abin ya yi lamo. Can ya murɗa, ya fara cusa kai tsakanin yatsunsa yana neman duhu.

"Ja'ira," in ji Baba, ya yi ɗan murmushi. "Wannan ce mai taurin kan. Sauran fa?"

"Suna can ƙasa, Baba," in ji Mai Ɗinki, alhali ba ta sani ba.

"Ashe ke ma kin iya."

Ya saki ƙarfen gadon. Auta ta ruga ta kira direba ya taya su ɗauka. Kafin su shigo, numfashin ya tsaya. Mai Ɗinki ta yi salati, ta shafa idanunsa, sannan ta buɗe hannunsa a hankali ta mayar da 'yar halittar cikin ƙasa.

Da aka gama zaman makoki Auta ta koma gidan mijinta. Ɗakin kuwa wani makanike ne ya shiga. Cikin macizan wasu sun mutu, an binne su gindin katanga. Waɗanda suka rayu suna nan ɗakin Mai Ɗinki, ƙarƙashin teburin keken ɗinkinta, an lulluɓe bahon da jiƙaƙƙen buhu. Idan ta zauna aiki, a hankali take taka keken, kada girgiza ta dame su.