Teburin Waɗanda Suka Warke

A cikin wani coci, can gaba, akwai wani ɗan tebur. Duk wanda Allah ya warkar, sai ya kawo abin da ya dogara da shi lokacin ciwo ya ajiye a kai, a tafa masa. Akwai sandar dogarawa, da fakitocin magani da suka koɗe, da tabarau na wani dattijo wanda tun ranar da ya ajiye shi yake riƙe littafin waƙa a juye. Ba mai ce masa komai, ai ya riga ya ba da shaida.

Wata mai ɗinki ce ke ba da waƙa a cocin a da. Shekarar da mijinta ya rasu, gobara kuma ta cinye shagonta, sai ta shige ɗaki ta saki labule. Ba ci, ba wanka, ba magana. Ko kuka ba ta yi, bango kawai take kallo. Matan coci suka yi ta sintiri da kwanuka da ayoyi, aka yi addu'a har muryoyi suka dushe. Ranar da ta ce wa ƙanenta gara ta bi mijinta ta huta, bai nemi shawarar kowa ba, ya sa ta a mota sai asibiti.

Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba ta wata 'yar ƙwaya, ya ce kada ta daina sai ya faɗa mata. A hankali ta fara barci, ta tsefe kai, ta aro keke ta koma ɗinki a baranda. Wata Lahadi aka jiyo muryarta daga bencin baya, mata suka yi ta share hawaye.

Da aka tashi, matar fasto ta riƙe hannunta.

"'Yata, Ubangiji ya gama aikinsa. Mako mai zuwa ki kawo maganin nan ki ɗora a tebur, ki koma gaba ki ba mu waƙa."

"Mama, likita ya ce kada in daina."

"Likita ne ya tashe ki ko Yesu?"

Matar fasto ba muguwa ba ce, ita ta riƙa wanke mata kaya lokacin da take kwance. Amma a wurinta mai shan magani bai warke ba, wanda bai warke ba kuwa ba ya tsayawa a gaba.

Mai ɗinki ta yi mako tana juya zancen. Gaban take so, don can kaɗai take jin kanta kamar da. Ɗakin nan mai labule kuwa tsoronsa take ji ƙwarai, ta san in ta bar maganin can za ta koma.

Ran Lahadi aka kira masu shaida, ta fito da fakiti a hannu. Mai ganga ya gyara zama.

"Ubangiji ya ji addu'arku," ta ce. "Ya aiko ƙanena da mota, ya aiko likita, ya aiko wannan." Ta ɓallo ƙwaya ɗaya. "Ban sha ta yau ba tukuna. Baba Fasto, a taimaka mini da ruwa."

Fasto ya rasa yadda zai yi, ya miƙa mata kofin da yake jiƙa maƙoshi da shi in yana wa'azi. Ta rufe ido, ta yi addu'ar da ake yi kafin cin abinci, ta haɗiye, ta mayar da fakitin jaka.

Ba wanda ya tafa. Mai ganga ya ajiye makaɗinsa, matar fasto ta sunkuyar da kai. Mai ɗinki ta juya za ta koma bencin baya.

Sai aka ji jan takalmi. Dattijon nan ne ya taso yana laluben benci har ya isa teburin. Ya shafa ya sami tabaraunsa, ya goge da bakin riga, ya maƙala, ya ƙare mata kallo.

"Ashe har kin yi ƙiba, 'yata," ya ce. "To, ba mu waƙa mana. Yau daga littafi zan bi ki."